Yadda Ake Zaɓen Albarushin Kasko Ga Bindiga Mai Ƙanƙara

Bindiga mai ƙanƙara da ake ɗura ta ta baki tana cin albarushi a wuri biyu. Akwai babban ɗuri wanda yake cikin bututu a bayan harsashi, akwai kuma ɗan kaɗan da ake barbaɗawa a kasko, wato ɗan ramin ƙarfen nan da yake gefen bindiga. Idan ka ja kunama, ƙanƙara za ta kankari ƙarfen ƙyastu, wanda yake haɗe da marfin kasko, marfin ya buɗe, tartsatsi ya zuba a kasko, albarushin da yake ciki ya kama, zafinsa ya ratsa ta kafar wuta, wato 'yar hudar da ta haɗa kasko da cikin bututu, ya tayar da babban ɗuri. Tun farkon ƙarni na 17 da maƙeran Faransa suka daidaita wannan tsari, bai canza ba. Wannan ɗan albarushin na kasko shi ne maganarmu. Sababbin shiga sukan ɗauka cewa wanda ya fi laushi shi ne ya fi kyau a kowane hali, kuma ba haka abin yake ba.

Kafin komai, ka tabbata kana da izinin da dokar ƙasarka ta shimfiɗa na riƙe bindiga da na ajiye albarushi. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar baƙin albarushi a matsayin abin fashewa, suna kuma ƙayyade yawan da mutum zai ajiye a gida.

Kayan da za ka tanada

- Baƙin albarushi na ainihi, na kamfani, a cikin gwangwaninsa: lamba FFFg, da FFFFg idan ka samu (lambobin girman ƙwaya ne, bayaninsu yana mataki na biyu).
- Ƙaramin mazubin kasko na tagulla, ko ɗan ƙaramin ƙaho mai marfi.
- Ma'aunin albarushi mai alamun giren, wato ɗan awon nauyin da ake auna albarushi da shi.
- Tsinken tagulla siriri na tsokale kafar wuta.
- Ɗan buroshin share kasko da busassun ƙyallayen auduga.
- Ƙanƙara guda biyu ko uku masu kaifi, da guntun fata na riƙe su, da sukudireban da ya dace da mariƙin ƙanƙara.
- Hular fata ta rufe ƙarfen ƙyastu don hana tartsatsi.
- Tabarau na kare ido da abin toshe kunne.
- Takarda da biro na rubuta sakamakon gwaji.

Duk abin da zai taɓa albarushi ya zama na tagulla, ko ƙaho, ko itace. Baƙin ƙarfe yana iya fitar da tartsatsi idan ya gogi ɗan'uwansa.

1. Ka tabbatar baƙin albarushi ne na ainihi

Nan ne zaɓin ya fara, kuma nan ne kuskure ya fi muni. Baƙin albarushi haɗi ne na gawayi da kibiritu da gishirin naitiret, kuma yana kama wuta da ɗan tartsatsi. Akwai kamfanoni sanannu da suke yin sa don masu harbi: Goex na Amurka, Swiss na ƙasar Suwizalan, da Schuetzen na Jamus. Kowanne daga cikinsu zai yi maka aiki a kasko.

Akwai kuma wasu nau'o'in da aka ƙirƙira don su maye gurbinsa, irin su Pyrodex da Triple Seven na kamfanin Hodgdon. An yi su ne don bindigogin da suke tashi da 'yar hular ƙarfe mai sinadarin da yake fashewa idan an buge ta, wadda take harba wuta mai ƙarfi kai tsaye cikin ɗuri. Suna buƙatar zafi fiye da abin da tartsatsin ƙanƙara yake bayarwa. Idan ka zuba su a kasko, ko dai su ƙi kamawa, ko su kama a makare bayan ka riga ka sauke bindiga daga kafaɗa, kuma wannan na biyun shi ne abin tsoro.

Albarushin harsasan zamani kuwa, wanda ba ya hayaƙi, kada ka kuskura ka kusantar da shi ga wannan bindiga, ba a kasko ba, ba a bututu ba, ko da ƙwaya ɗaya. Ƙarfinsa yana fasa bututu. Kada launi ya ruɗe ka, domin shi ma sau da yawa baƙi ne. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne shaida. Albarushin da aka juye a kwalba ko leda ba tare da suna ba, ko wanda aka kwance daga kayan wasan wuta, ko wanda wani ya haɗa da hannunsa, ka bar shi inda ka gan shi.

2. Ka iya karanta lambar

Harafin F yana nuna girman ƙwaya. Yawan F, ƙanƙantar ƙwaya. Fg ya fi gautsi, na manyan bindigogi ne masu faɗin baki. FFg shi ake ɗura wa masu baki .50, wato faɗin rabin inci, zuwa sama. FFFg na masu ƙaramin baki ne da kuma bindigogin hannu. FFFFg ya kusa zama gari, kuma don kasko aka yi shi. Ƙaramin harafin g da yake ƙarshe yana nufin an goge ƙwayoyin sun yi santsi, irin wanda aka tanada don harbi ke nan.

A Turai za ka iya tarar da gwangwanin Swiss da lamba maimakon F, kuma lissafin a juye yake: lamba 1 ita ce FFFFg, lamba 2 FFFg, lamba 3 FFg. Suna da wani kuma mai suna Null B wanda ya fi FFFFg laushi, masu gasa suna son sa.

Dalilin da ya sa mai laushi ya fi saurin kamawa bai da wuyar ganewa: ƙirare sun fi gungume saurin cin wuta. Amma wannan laushin da yake ba wuta wurin kamawa, shi ne yake ba laima wurin shiga. Duk zaɓin da za ka yi yana tsakanin waɗannan abubuwa biyu ne, sauri da jure danshi.

Gargaɗi ɗaya a nan: FFFFg da Null B na kasko ne kawai. Kada ka yi babban ɗuri da su. Suna ƙonewa da sauri ƙwarai, matsin da za su tara a bututu ya wuce wanda aka tsara.

3. Ka gyara ƙyastu, wato sashen bindiga mai fitar da tartsatsi, kafin ka zargi albarushi

Mafi yawan waɗanda suke kukan cewa albarushinsu ba ya kamawa, matsalarsu ƙanƙara ce. Don haka kafin ka buɗe gwangwani, ka fara tabbatar da cewa bindiga babu ɗuri. Zura sandar ɗuri har ƙasa, yi alama da yatsa daidai bakin bututu, zaro ta ka gwada ta a waje. Idan ƙarshenta ya kai daidai kafar wuta, bututu wayam yake. Idan ya tsaya kafin nan, akwai wani abu a ciki, kuma sai an fitar da shi.

Sai ka shiga wuri mai ɗan duhu, nesa da albarushi, ka rufe kasko, ka ɗana, ka ja kunama. Abin da kake nema shi ne tartsatsi mai yawa, mai haske, yana faɗawa tsakiyar kasko yana ɗan rawa a ciki. Tartsatsin nan ba daga dutsen yake fita ba. Ɓarɓashin ƙarfe ne da ƙanƙara ta kankaro, zafin gugar ya mai da shi wuta. Shi ya sa kaifin ƙanƙara yake da muhimmanci haka. Idan guda biyu ko uku kake gani jajaye suna mutuwa kafin su sauka, duba abubuwa uku. Bakin ƙanƙara ya dakushe? Tana motsi a mariƙinta? Akwai mai a fuskar ƙarfen ƙyastu? Ɗaure ta tamau a cikin fata, bakinta ya yi daidai da faɗin ƙarfen, gefenta kada ya gogi bututu. Goge fuskar ƙarfen da busasshen ƙyalle har sai babu maiƙo.

Baƙar ƙanƙarar Ingila, wadda garin Brandon ya yi suna wajen sassaƙa ta, da ta Faransa mai ruwan zuma, duka suna aiki. Idan ka sa sabuwa mai kaifi kuma har yanzu tartsatsi bai taka kara ya karya ba, mai yiwuwa fuskar ƙarfen ce ta rasa taurinta. Wannan aikin maƙerin bindiga ne, kai masa.

4. Ka zaɓa gwargwadon inda za ka yi harbi

Idan a filin gwajin harbi kake, rana ta fito, iska a bushe, kuma kana zuba kasko ka harba nan take, FFFFg ya dace. Yana kamawa ko da tartsatsi ya ɗan yi rauni, kuma ƙananan ƙyastu masu ƙaramin kasko sun fi amfana da shi. Mai gasa wanda yake neman rage kowane ɗan jinkiri tsakanin jan kunama da tashin bindiga yana iya hawa zuwa Null B.

Idan farauta za ka, lissafi ya canza. Albarushin zai zauna a kasko sa'o'i, cikin raɓar asuba, ko hazo, ko yayyafi. A nan ni FFFg nake zaɓa, kuma shi nake ba kowa shawara. Ƙwayarsa ta fi girma, gogewar jikinsa ta fi kyau, yana daɗewa bai jiƙe ba. FFFFg a rana mai laima, musamman a kaskon da aka riga aka harba sau ɗaya, yakan narke ya zama baƙin caɓi cikin ɗan lokaci. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai: tokar da baƙin albarushi yake bari bayan ya ƙone tana jan ruwa daga iska, sai ta jiƙa sabon da ka zuba a kanta. Mafarautan jihar Fensilbaniya ta Amurka, inda ake da lokacin farautar barewa na masu ƙanƙara zalla bayan Kirsimeti, da wannan matsala suke fama kowace shekara cikin sanyi da dusar ƙanƙara.

Akwai wani abu da tarihi ya nuna wanda ya kamata ya kwantar wa sabon shiga da hankali. Sojojin Ingila masu ɗauke da bindigar Brown Bess da na Faransa masu bindigar Charleville, a ƙarni na 18, ba su da wani albarushin kasko na dabam. Soja yakan ciji ƙunshin albarushi na takarda, ya zuba kaɗan a kasko, ya juye sauran a bututu. Albarushi ɗaya ne, mai gautsi kuwa, kuma bindigoginsu suna tashi. Bambancin sauri tsakanin FFFg da FFFFg a ƙyastu mai lafiya ƙanƙane ne ƙwarai, yawancin masu harbi ba za su iya jin sa ba. Saboda haka idan bindigarka FFFg take ci a bututu, kana iya zama da gwangwani ɗaya ka yi aiki biyu, ka huta da ɗaukar kaya. Amma kada ka kwaikwayi sojojin nan wajen fara zuba kasko kafin ɗuri. Su yaƙi ya tilasta musu. Kai kasko ne na ƙarshe a kullum.

5. Ka auna abin da za ka zuba

Yawan albarushin kasko ya fi lambarsa tasiri. Giren 2 zuwa 4 ya wadatar ga yawancin bindigogi. Giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, ka ga ke nan ɗan mitsitsi ake magana. Mazuban tagulla masu ɗan bakin da ake dannawa sukan saki kusan giren 3 a dannawa ɗaya. Da ido kuwa, ka nemi sulusin kasko, iyaka rabi.

Kuskuren da kusan kowane sabo yake yi shi ne cika kasko taf har albarushi ya rufe kafar wuta, yana ganin yawan shi ne tabbaci. Abin da yake faruwa shi ne wutar sai ta bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya kafin ta shiga ciki, sai ka ji shuuu, sannan bindiga ta tashi. Abin da ake so zafin walƙiyar ne ya faɗa ta buɗaɗɗiyar kafa. Don haka saman albarushin ya tsaya ƙasa da kafar. Cika kasko yana kuma hana marfi rufuwa sosai, ga ƙarin wuta a gaban fuskarka wadda za ta koya maka runtse ido da zabura.

Masu harbi sun daɗe suna gardama a kan wajen da za a tara shi. Wasu suna karkata bindiga su tura shi nesa da kafa, wasu su matso da shi kusa. Ni shimfiɗa shi nake yi ya rufe ƙasan kasko gaba ɗaya, domin duk inda tartsatsi ya sauka ya tarar da abin kamawa. Fara da haka, daga baya ka gwada sauran a bindigarka.

6. Ka gwada da kasko kaɗai

Wannan gwaji a waje ake yin sa, bututu babu ɗuri, bakin bindiga yana fuskantar inda babu kowa, tabarau a idonka. Rufe gwangwani ka ajiye shi nesa a bayanka. Share kasko, zuba FFFg gwargwadon da aka faɗa, mai da mazubi aljihu, rufe, ɗana, ja kunama. Yi haka sau goma, kana goge kasko da ƙanƙara da ƙarfen ƙyastu bayan kowane ja, kana rubuta sau nawa ya kama. Sake yi da FFFFg. Idan FFFg ya kama goma cikin goma, ƙyastunka lafiyayye ne, zaɓi ya rage naka. Idan FFFFg kaɗai yake kamawa, kada ka ce ka gano albarushin da ya dace. Koma mataki na uku, domin laushin yana rufa wa raunin tartsatsi asiri ne kawai.

Ka maimaita gwajin a safiya mai raɓa, amma wannan karon ka bar albarushin a rufaffen kasko na rabin sa'a kafin ka ja. A nan za ka ga bambancin da idonka.

Dalilin da ya sa mazubin kasko yake ƙarami shi ne, idan wata ƙwayar wuta ta maƙale a kasko ta kama abin da yake hannunka, ɓarnar ta zama kaɗan. Kada ka taɓa zuba kasko daga babban ƙaho ko daga gwangwani, kuma kada ka zuba a kaskon da ba ka goge ba bayan harbi.

7. Ka gwada da ɗuri

Yi ɗuri bisa adadin da wanda ya ƙera bindigar ya rubuta, da ma'auni. Lokacin ɗuri kasko a buɗe, babu komai a ciki, mariƙin ƙanƙara a sauke ko a rabin ɗani, wato an ja shi baya rabi kawai, tare da hular fata a kan ƙarfen ƙyastu. Wannan hular ba ado ba ce. Bindiga mai ƙanƙara tana iya tashi ko da kasko wayam yake, idan tartsatsi ɗaya ya sami hanyar kafa.

Ka tsaya a layin harbi, bakin bindiga yana duban abin bara. Zura tsinke a kafar wuta har ka ji ƙwayoyin babban ɗuri, ka zaro. Sannan ka zuba kasko. Duba gefen da kafar take, ka tabbata babu mutum a tsaye wurin, domin idan bindiga ta tashi, wuta da ɓarɓashi suna fesowa ta wannan kafa da ƙarfi.

Ɗora bindiga a kan abin tallafi ka harba biyar da kowane albarushi. Kunne yana yaudara a wannan aiki, don haka idan akwai wanda zai ɗauki bidiyo da waya daga nesa, ta ɓangaren da babu kafa, cikin tsarin tafiyar hawainiya, za ka ga tazarar da take tsakanin walƙiyar kasko da hayaƙin baki.

Idan kasko ya kama amma bindiga ba ta tashi ba, kada ka sauke ta, kada ka leƙa. Ci gaba da nuna ta ga abin bara, ka ƙirga minti ɗaya cur. Bayan nan goge kasko, tsokale kafa, sake zubawa. Walƙiya ba tare da tashi ba kusan kullum matsalar kafa ce ko jiƙaƙƙen ɗuri. Kafar yawancin bindigogi tana kusa da milimita ɗaya da rabi, toka kaɗan ta ishe ta toshewa, haka ma man da aka bari a ƙasan bututu bayan wanki. Sauya lambar albarushin kasko ba zai gyara wannan ba.

8. Idan wani abu ya yanke maka

Babu FFFFg? Yi amfani da FFFg, ba ka rasa komai ba. FFg kaɗai gare ka? A babban ƙyastu mai yawan tartsatsi zai kama. A ƙarami zai riƙa ƙi lokaci lokaci, sai ka ƙara kula da kaifin ƙanƙara. Za ka ji wasu suna cewa a murƙushe mai gautsi ya koma gari. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Guga da matsi su ne abubuwan da ake nisanta albarushi da su, kuma abin da za ka samu bai kai haɗarin yatsunka da idonka ba.

Idan babu mazubin tagulla, zuba ɗan kaɗan a ma'auni, ka rufe ƙaho, sannan ka juye daga ma'aunin zuwa kasko. Idan tsinke ya ɓace, ƙaramin gashin tsuntsu yana yi. Idan kuma baƙin albarushin ne gaba ɗaya babu, to babu harbi ranar, domin babu abin da yake maye gurbinsa a kasko.

9. Kula da shi a daji da kuma ajiya

A farauta ka riƙa buɗe kasko kana dubawa duk bayan rabin sa'a ko ƙasa da haka idan akwai laima. Karkata bindiga kaɗan: busasshen albarushi zai gangara, wanda ya sha danshi zai manne wuri ɗaya. Da ka ga ya manne, share shi, goge kasko da ƙasan marfi har su bushe, zuba sabo. Riƙe ƙyastu a ƙarƙashin hammata ko cikin gefen riga, bakin bindiga yana ɗan kallon ƙasa don kada ruwa ya bi bututu ya gangaro kasko. Akwai murfin fata mai maiƙo da ake ɗaurawa a kan ƙyastu gaba ɗaya lokacin ruwa, kuma siririn layin kakin zuma a gefen marfi yana tare ɗigo, muddin bai taɓa fuskar ƙarfen ƙyastu ba. Kafin ka tsallake rami, ko ka hau bishiya, ko ka shiga mota, zubar da abin da yake kasko ka mai da hular fata.

Da ka dawo gida, wanke kasko da ƙyastu da ruwa kamar yadda za ka wanke bututu, ka busar sosai, domin tokar nan tana cin ƙarfe cikin dare ɗaya. Sa mai a sassan da suke motsi, ka bar cikin kasko da fuskar ƙarfen ƙyastu a bushe. Abin da ya rage a mazubi, idan ya wuni cikin laima, kada ka mai da shi gwangwani ya ɓata sauran. Jiƙa shi da ruwa sosai ka zubar. Gwangwanin kansa ya zauna a rufe, da takardarsa a jiki, a wuri mai sanyi kuma busasshe, nesa da murhu da wayoyin lantarki, a kulle inda yara ba za su kai ba.